Ruwan da Ya Sauka a Radiyo Kaɗai

Babana mutum ne mai son labaran duniya. Kullum da azahar ta gabato yakan jingina radiyonsa a gindin rumbu ya kishingiɗa, mu kuma mu kewaye shi muna jiran labarin da zai ba mu dariya. Ba a rasa irinsu. Yau a ce a wata ƙasa an kulle akuya a ofishin ƴan sanda ana tuhumarta da sata, gobe a ce wani mamaci ya ci zaɓe ya kayar da masu rai. Ni tun ina yarinya ba ni da haƙuri da irin wannan, sai in ce ƙarya ce, masu radiyon ne suka rasa abin faɗi. Baba ba ya musu da ni. Sai ya gama dariyarsa, ya share hawaye da bakin rawani, sannan ya ce, "Ke dai ba ki sani ba. Akwai mutum cikin labarin ga, ba su dai hwaɗe shi ba."

Ban gane abin da yake nufi ba sai shekarar da gidanmu ya zama irin wannan labarin. Har yau in na shiga kasuwar Buza na faɗi sunan ƙauyenmu, sai an samu wanda zai tambaye ni nawa muke sayar da kifi.

Ƙauyenmu yana kan tudu ne, tsakanin Tama da Buza, a ƙasa mai tsakuwa da jan dutse. Masu lambu suna can ƙasa cikin fadama, mu kuwa sai gero da dawa da wake, sai abin da sama ta ba mu. Ruwan sha ma sai mata sun gangara da jakuna da bido tun da sassafe. Wanda ya ce an yi ambaliya a garinmu daidai yake da wanda ya ce an yi ta a kan rumbu.

A bayan gidanmu akwai wani ƙarfe a kafe, kewaye da ƙaya saboda awaki, a kansa kuma wani dogon kofin roba mai zane-zanen lamba. Shi muke kira awon ruwa. Wani ma'aikacin gona ne ya kafa shi tun ina ƴar firamare, ya damƙa wa Baba saboda ya yi shekara uku a lakwal, ya san lamba. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, Baba zai je ya tsuguna ya daidaita idonsa da zanen, ya rubuta a wani kaye da yake naɗewa cikin leda, ya zubar da ruwan, sannan ya sanar da ma'aikacin. Kafin azahar sai a ji sunan garinmu a radiyo cikin jerin garuruwan da suka samu ruwa. Ba a biyansa ko dala, amma ban san wani abu da yake taƙama da shi kamar wannan aikin ba. Wata shekara maigari ya roƙe shi ya riƙa rage lambar ko a sa mu cikin masu samun agaji. Baba ya ce masa shi bai iya ba, kuma sai da suka yi wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Lambar nan ba don ado ake faɗinta ba. A Adar namiji ba ya zaman rani a gida. Da an ɗaure hatsi an sa a rumbu sai samari da magidanta su watse bida, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya, a bar gari ga mata da tsofaffi. Abin da ke dawo da su shi ne ruwan shuka. Wani zai ɗauki muryar mai sanarwa a waya ya tura, kafin la'asar ta kewaye masaukan ƴan bida. Wanda ya ji sunan garinsu da lamba mai kauri sai ya fara ɗaure kaya.

Yayana shi ma ya tafi Abijan kamar kowa, sai dai shi bai dawo ba. Damina shida ta wuce. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma mace ce ta riƙe shi ba. Teburin da yake sayar da kaya ne ya ƙone a gobarar kasuwa, daga nan ya kasa miƙewa, ga shi mutum mai kunyar shigowa gari hannu wofi alhali tsaransa suna sauka da akwatuna da babura. Kowace shekara sai ya ce baɗi.

Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna ta riƙe alkunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta taɓa yabonsa ko tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "mutumen can". In ya kira waya, ni ko Baba muke magana da shi, ita kuwa sai aiki ya taso mata daidai inda za ta ji komai. Wannan abu ya daɗe yana ba ni haushi. Na san tana kwana da shi a rai tana tashi da shi, amma a ce ta buɗe baki ta ce masa taho gida, wannan ba ya cikin abin da za ta iya.

A shekarar da nake ba da labari, yana ta rufe idanun Baba duka biyu. Ina koyarwa a Madawa lokacin, sai na kai shi asibiti aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka rufe da auduga, aka ce ya zauna a ɗaki kada ya shiga rana ko iska. Ɗayan idon kuwa inuwa kawai yake gani da shi. Na mayar da shi gida na yi kwana biyu tare da su. Damina ta yi jinkiri ƙwarai. Garuruwan da ke kewaye da mu wasu sun samu ɗan abin da suka samu, mu kuwa hadari sai ya haɗu ya yi baƙi, ya zo kanmu ya watse.

Ranar da zan koma Yaya ya kira. Na buɗe muryar wayar don Baba ya ji. Inna tana bakin madafa ta ba mu baya, tana tsintar wake a faifai.

Bayan an gama gaisuwa da tambayar ido, Yaya ya ce, "Ƙanwata, bari in hwaɗa muku gaskiya. An yi mini tayin aiki ga gonar koko, can cikin daji. Wanda yas shiga sai ya shekara. Jumma'a za a kwashi mutane."

Na ce, "To gonar Baba fa, wa za shi shuka ta bana?"

Ya ce, "Shi na nike hwaɗi. In na ji ruwan shuka ya sauka garinmu kahin Jumma'a, wallahi tahowa nikai, ko da riga ɗaya. In ban ji ba, zaman mi za ni yi gida, in ƙara muku baki?"

Na lura hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Da aka kashe wayar sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mi yac ce, mutumen can?"

Na ce, "Ai kin ji, Inna."

Ta ce, "Ni ban ji ba, aikina nikai."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ta karɓi wayar nan sau ɗaya a rayuwarta ta ce masa ya dawo, in ita ta faɗa ba zai ƙi ba. Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba kallabi, ta ce lakwal ta cire mini kunya. Na ɗauki jakata na tafi ina ƙunƙuni. Ranar Lahadi ce.

Ranar Laraba ina zaune a ofishin makaranta ina gyaran takardun yara, radiyon mai gadi yana ta magana a bakin taga. Aka shiga jerin ruwan da aka samu. Ƴan lambobi ne ƙanana, nan kaɗan can kaɗan. Da mai sanarwa ya zo kan sunan garinmu sai ya yi shiru, na ji ƙarar takarda, sannan ya faɗi wata lamba ya sake maimaita ta. Ruwa ne wanda ko a tsakiyar marka sai a haɗa na mako biyu ba a kai shi ba. Ya ce babu inda ya kai mu a jihar baki ɗaya, ya yi addu'a Allah ya tsare gidaje da dabbobi.

Biro ya faɗi daga hannuna. Ɗakunanmu na laka ne, Baba kuwa ba ya gani. Na kira wayarsa ta ƙi shiga, na kira ta maƙwabta babu rezo. Na nemi izini, na biya kasuwa na sayi babban bashi na rufe ɗaki, na shiga motar Buza ina ta salati. Daga Buza na hau kabu-kabu. Muna tafe ina duban gefen hanya ko zan ga inda ruwa ya kwanta, ban ga komai ba sai busassun gonaki da aka share ana jira. Da muka tsallake ƙoramar da ke gindin tudunmu, rairayinta fari fat, sai mai babur ya waiwayo ya ce, "Madam, ruwan naku ta ƙarƙashin ƙasa yab biyo?"

Na shiga gari da bashi a ka. Awaki suna kwance a inuwar katanga, mata suna hawowa da jakuna daga rijiya. Wata gwaggota ta hango ni, ta dubi abin da na ɗauko, ta zauna a ƙasa don dariya.

Abin da aka gaya mini shi ne, ranar Talata da yamma hadari ya haɗu, aka yi iska da tsawa, aka ɗan yi yayyafin da bai jiƙa ko bayan akuya ba. Baba ya sha maganinsa ya yi barci mai nauyi. Da safe, tunda ba ya iya fita, Inna ta ciro kofin awo ta kai masa ɗaki. Ya sa yatsa ya ji ruwa har baki. Lambar ƙarshe ta saman kofin kuwa ya san ta da ka, sai ya kira ma'aikacin gona ya faɗa masa. Shi kuma yana Tawa wajen wani taro, bai ga samanmu ba, ya tura yadda aka ba shi. Wa zai tsaya binciken lambar Baba? Daga nan waya ta yi ta ƙara har cajinta ya ƙare.

Washegari abin ya ƙara lalacewa. Da hantsi sai ga yara da gudu, wai wata babbar mota ta kafe a ƙorama. Masu agaji ne suka taso daga birni da tabarmi da barguna da bokitai, za su raba wa waɗanda ambaliya ta ci. Busasshen rairayi ya riƙe tayoyinsu, sai da mutanen da suka zo ceto suka fito suka tura su. Shugabansu, wani mai hula da takarda a hannu, ya tsaya a dandali yana ta waige-waige, ya tambayi maigari ina gidajen da suka rushe. Maigari ya rasa ta cewa, ya kai shi ya nuna masa wani rumbu da ya faɗi tun shekara biyu da suka wuce. Daga ƙarshe shi ma mutumin dariya ya yi. Ya ce ba za su sake bin rairayin nan da kaya ba, a raba. Bokitan sun yi amfani, da su aka yi ta ɗebo ruwa daga fadama.

Kafin azahar radiyo ya warware maganar, ya ce kuskure ne aka samu daga mai awo. Labarin kuwa ya riga ya shiga duniya. Aka yi ta tura shi a wayoyi, kowa yana ƙara masa gishiri: garin da ambaliya ta ci ba ɗigon ruwa, motar ceto da aka ceta. Wata abokiyar aikina ta turo mini shi, ba ta san gidanmu ba ne, ta rubuta a ƙasa cewa mutane sun iya shirya ƙarya. Filanin da ke zaune a gefen garinmu suka riƙa zuwa da nono suna tambayar ko akwai kwalekwalen da zai mayar da su ruga.

Ni ma da wani gari ne da na fi kowa dariya. Amma da la'asar ɗin nan ma'aikacin gona ya iso a kan babur. Yaro ne mai ladabi, ya tsuguna a bakin ƙofar Baba ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. An ce a mayar da awon farfajiyar lakwal, darakta ya riƙa karantawa.

Ya ce, "Baba, ko dai wani yaro na yay yi wasa da shi? In haka na, sai in rubuta."

Baba ya ce, "Babu yaro ciki, mushe. Kuskurena na. Ido ya tahi, rubuta hakanan."

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro kayen nan cikin ledarsa ya miƙa da hannu biyu. Ina tsaye ina kallo aka tumɓuke ƙarfen aka ɗaure a bayan babur. Ramin da ya bari bai fi a sa ƙafa ba. Na shiga bayan rumbu na yi kuka, saboda na san abin da aka cire wa tsohon nan.

Daga kuka sai faɗa, don haka halina yake. Na rantse sai na gano wanda ya yi wannan aiki. Na tara yaran unguwa na tsare su da ido irin na aji har biyu suka fashe da kuka. Na je na yi wa maƙwabcinmu habaici a kan katanga, saboda sun taɓa saɓani da Baba kan iyakar gona. Mutumin nan bai ce mini komai ba, sai daga baya na koma na ba shi haƙuri.

Ina dawowa na tarar da Inna a gindin randa tana zuba ruwan da aka ɗebo. Duk kwanakin nan ba ta ce uffan ba kan maganar. Sai ta ce, a hankali, idonta a kan randa, "Wai radiyon ga, har can ana jin shi?"

Na ce, "Can ina?"

Ta ce, "Can."

Na tsaya ina dubanta. Ta ci gaba da zuba ruwa kamar ba ita ta yi magana ba.

Na ce, "Inna, ke kinka zuba."

Ba ta musa ba. Ta ajiye bido ta goge hannu da zane, ta ce, "Cewa niy yi in kaɗan na, sai ya ce bai kai shuka ba."

Na ce, "To shi na za ki cika shi har baki? Kin san ko ruwan mi ke nan? Ruwan da ka tahiya da gari na."

Ta ce, "Ni ina nis san lamba? Awo dai anka ce. Shekara nawa ina awon hatsi ga kasuwa, kin taɓa ganin na ba mutum tiya ba ta cika ba? Awo ai cika shi akai." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Na so ma in yi gyara, wuri yaƙ ƙare."

Na zo da faɗa cike da baki, sai na ji dariya ta ƙwace mini, daga dariyar kuma hawaye. Matar da ta shekara shida ba ta iya cewa ɗanta ya dawo ba, ga hanyar da ta samo ta aika masa. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri kada Baba ya ji, don ta san abin da ta ja masa, kuma tun ranar Laraba abinci ba ya wuce mata.

Na yi mata alkawari, amma ni ba ni da ciki. Ko awa ɗaya ba a yi ba na shiga ɗakin Baba da niyyar ɗiga masa magani, na zauna ina ta gyaran murya.

Ya ce, "Hwaɗi abin da ke bakinki, ko ki bari in hwaɗa miki."

Na yi shiru.

Ya ce, "Tun da nis sa yatsa na sani. Ruwan randa na. Ruwan sama in ya kwan ga roba ba shi da wanga sanyi. Kuma ƙasa ba ta ƙamshi. Ido na anka ruhe mini, ba hanci ba."

Na ce, "To don mi kab buga waya, Baba? Kai da ko maigari ba ka yi ma ba."

Ya daɗe bai amsa ba, yana shafa gefen tabarma. Sannan ya ce, "Tun da anka haihi yaron ga, uwakku ba ta taɓa roƙona komi ba bisa kainai. Ba ta iyawa. Ran nan ta shigo da kohi hannu biyu, tana rawa, ina jin ruwa na ɗiga bisa tabarma. Ta ce, malam, an yi ruwa. In ce mata mi?" Ya juya fuska wajen bango ya ce, "Kuma ni ma, in idon ga ya buɗe, akwai wanda nika son gani."

Shi ma ya ce kada in gaya mata ya sani. Haka na zama rumbun sirrin mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana lallaɓa kowa. Yanzu da nake rubuta wannan Baba ya riga mu gidan gaskiya, Inna kuwa ba ta karatu.

Jumma'a ta zo ta wuce. Na kira Yaya ya fi a ƙirga, wayarsa a kashe. Da yamma Inna ta tambaye ni ko gaskiya ne an warware maganar a radiyo. Na ce gaskiya ne, tun jiya. Ta ce, "To." Ba ta ƙara komai ba, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share. Na tabbata a raina Yaya ya shiga dajin koko, an yi asarar sunan Baba a banza. Ranar Lahadi na koma Madawa da zuciya a cushe, saboda jarrabawar yara.

Bayan mako guda aka rufe makaranta. Na je tasha zan shiga motar Buza, sai na ga wani mutum zaune a kan benci, ramamme, da ƴar jaka a cinya, furfura ta fara fito masa a gemu. Na wuce shi har taku uku kafin ƙafata ta tsaya. Shi ya fara magana. Ya ce, "Madam, ba a gaisuwa?"

Ban san lokacin da na saki kayana ba. Mutane suna kallo, ban damu ba.

A cikin mota na tambaye shi ko bai ji an warware labarin ba ne. Ya ce ya ji na farko, ya ji na biyu. Ya ce duk masaukinsu an kwana biyu ana tsokanar ƴan garinmu, shi ma ya yi dariya har cikinsa ya yi ciwo.

Ya ce, "Daga baya niz zamna ina tunani. Baba ba ya kuskuren lamba, ko da ido ruhe. Ke nan wani yaz zuba. Yaro in za shi wasa, ƙasa za shi zubawa ko tsakuwa. To wa ka cika abu har baki cikin gidan nan?"

Ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba. Ya juya yana kallon gonaki ta taga. Can ya ce ya sayar da wayarsa ne ya cika kuɗin mota, shi ya sa ba a samunsa. Ya daki jakar da ke cinyarsa ya ce, "Ban da komi, ƙanwata. Wagga ita ɗai ta."

Na ce masa babu wanda ya aike shi ya kawo komai.

Mun isa gida bayan la'asar. An riga an cire wa Baba auduga, yana zaune a gindin rumbu da baƙin tabarau, radiyo a gefensa. Da muka yi sallama ya cire tabarau ɗin, ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya daɗe yana duban Yaya da sabon. Sai ya ce, "Kai, ka yi hurhura." Yaya ya durƙusa ya kifa kai a gwiwarsa. Ruwan shuka na gaskiya bai sauka ba sai bayan kwana huɗu, kuma Yaya ne ya yi saran gonar, muna binsa da iri.

Inna tana cikin madafa lokacin da muka shigo, kuma ba ta fito ba. Yaya ya je bakin ƙofa ya tsuguna ya gaishe ta. Ta amsa tana fuskantar murhu, kalma biyu ko uku, kamar wanda ya dawo daga kasuwar Tama. Ya koma wajen Baba ya zauna. Ni kuwa har na fara kumbura, sai ta kira ni.

Ta ce, "Ke, haka akai? Baƙo ya zaka tun ɗazu ba a ba shi ruwa ba."

Na ɗauki kwanon sha zan ɗiba, ta karɓe daga hannuna. Ita ta buɗe randa ta ɗebo da moɗa, ta zuba, ta sake ɗebowa ta zuba, har ruwan ya tsaya daidai da baki yana rawa. Ta ce in kai masa. Na ratsa tsakar gida a hankali, ruwa yana bin yatsuna yana ɗiga a ƙasa. Yaya ya dubi kwanon, ya dube ni, ya karɓa da hannu biyu. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye, ruwa yana bin gemunsa.

Na mayar da kwanon. Inna tana tsaye a bayan zana, inda take ganin tsakar gida ba a ganinta. Ta karɓa ta leƙa ciki, sannan ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Ya ishe shi, ko a ƙaro?"